Randunan Mama Sun Hau Bene

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a wani ofishin injiniyoyin gini a nan Abuja, ƙawata ta kira ni da rana tsaka tana magana sama-sama kamar wadda aka biyo. Ɗaki ɗaya muka zauna da ita a jami'a. Ita 'yar Kwali ce, Kirista, ni kuma iyayena daga Kano suka zo, amma tsabar shaƙuwa Mama nake ce wa mahaifiyarta, ita ma haka take ce wa tawa.

"Ke, in a tsaye kike, zauna," in ji ta. "Mun samu filin nan na bakin titi wajen Yangoji. Ni da Yaya za mu gina wa Mama shago, bene hawa ɗaya. Ke za ki zana mana."

Na ce, "Ni?"

Ta ce, "A'a, ni. Karatun naki na ado ne?"

Jama'a, ku fahimce ni. A lokacin aikina a ofis bai wuce in bi lissafin da manya suka riga suka gama ba, sai kuma zanen matakala. Na zana matakala har na fara mafarkinta. Ba wanda ya taɓa miƙo mini gini sukutum ya ce ga shi, naki ne. Kafin ta kashe waya na jawo takarda na fara ja ina gogewa. Ogana, wani dattijo marar yawan magana, ya ce ya yarda in yi, da sharaɗin duk lissafin da na yi sai ya bi ta kansa kafin ya sa hannu. Na fito daga ofishinsa bakina har kunne, ina taku kamar ni na gina Abuja.

Mama ginin tukwane take yi tun kafin a haife mu. Tana yin tulu da kasko da tukunyar miya, amma da randa aka san ta, irin manyan nan da ke kai wa mutum ƙugu. A ƙasa take jera su a bakin titin da ya nufi Lokoja, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Da damina ciyawa ta rufe rabinsu, babbar mota ta zo ta tsaya ta rufe sauran. Yau akuya ta ture ɗaya, gobe direba ya yi ribas ya taka biyu, ya ce a yi haƙuri ya ƙara gaba.

Da muka zauna da ita, abu biyu kawai ta nema. Na farko, gaban shagon ya zama a buɗe, ba ginshiƙi a tsakiya, don akori-kura ta shigo da baya har ciki a loda kaya, a daina fasa tukwane a hanyar kai su mota. Na biyun sai da ta yi jim kafin ta faɗa, tana wasa da bakin zanenta. Wai ta taɓa zuwa wurin 'yarta a cikin gari, aka bi da ita ta Wuse, ta ga an jera kwanukan ƙasashen waje a saman bene.

"Nasu yana sama, nawa yana ƙasa tare da akuya," ta ce da Hausarta ta mutanen Kwali. "Yarinya na, ki yi mini kanta na jera kaya a sama, ta waje. Mai mota ya gani tun daga nesa."

Na ce, "Mama, an gama." Haka nake tun ina ƙarama, bakina ya fi lissafina sauri.

Gaba mai faɗi haka ba ginshiƙi a tsakiya, ƙarfe ne maganinsa. Na zaɓi dogon ƙarfen nan da magina ke kira bim, wanda zai tashi daga ginshiƙin wannan kusurwa ya sauka a kan na waccan, ya ɗauki bangon sama da gefen benen. In ka leƙa bakinsa za ka ga siffar harafin I na boko: leɓe a sama, leɓe a ƙasa, falle ɗaya tsaye a tsakiya. Kantar Mama kuwa a jikinsa na maƙala ta, a kan wasu hannayen ƙarfe da suka miƙo ta wajen titi, da ɗan shinge don kada randa ta gangaro. Daga cikin bene za a riƙa miƙa hannu ta manyan tagogi a jera kaya.

Saura nauyin da zai hau kantar. Na sa Yaya, wato yayan ƙawata, ya kawo randa mafi girma muka ɗora ta a kan sikelin masu sayen hatsi. Na ninka da yawan randunan da kantar za ta ci, na ƙara rara a kai. Oga ya duba, ya gyaɗa kai, ya sa hannu. Aka zuba ginshiƙai, aka sayo ƙarfe. Ranar da aka ɗaga shi da sarƙa ya zauna daram a mazauninsa, na cika wayata da hotuna, dukkansu na abu ɗaya, na tura wa duk wanda na sani har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ranar ce kuma, da rana ta buɗe sosai, na tsallaka gindin mangwaro in huta. Mama ta ɗaga faifan da ke kan wata randa, ta ɗebo mini ruwa a moɗa. Sanyinsa har cikin haƙori.

Na ce, "Kai, Mama, wannan randar ta shan ku ce?"

Ta ce, "Na sayarwa ne."

Na ɗaga faifan ta kusa da ita. Ruwa har wuya. Na ɗaga na gaba, haka. Na bi layin nan ina ɗagawa ina rufewa kamar mai neman kazar da ta ɓata. Sau nawa na wuce randunan nan a rufe, ni a zatona don ƙadangare ake rufe su.

"Mama, dukkansu akwai ruwa a ciki?"

"To me za a sa? Fetur?"

Nan ta yi mini karatu. Sabuwar randa sai ta sha ruwa ta ƙoshi. Mai saye sai ya ga tana zufa, ya dafa ya ji sanyi, ya sha ya ji ɗanɗanon ƙasa, ya tabbatar ba ta yoyo. Busasshiyar randa ba ta da kyan gani, mai ruwa kuwa takan yi duhu tana sheƙi. Ta ce ko kakarta ba ta taɓa nuna wa mai saye randa tana jin ƙishirwa ba.

Na ce, "Har waɗanda za a ɗora a kanta?"

Ta ce, "Su ne ma na farko."

Na juya wajen Yaya da ke tsaye yana cin gyaɗa. "Yaya, randar da muka auna fa?"

"Ai sai da na juye ruwan," in ji shi, ko a jikinsa. "Wa zai ɗauko randa a kan babur da ruwa a ciki?"

Tabɗijam! Su a wurinsu in an ce randa, da ruwanta ake nufi, ba sai an faɗa ba. Ni kuma a gidanmu firij muka sani. Gabana ya faɗi, domin ruwan da randa ɗaya ke ci ya ninka nauyin randar kanta sau da yawa, kuma duk wannan nauyi a gefe ɗaya na ƙarfen zai rataya. Amma in gaya muku gaskiya, a daidai lokacin da gabana ke faɗuwa, wani ɓangare na zuciyata tsalle yake yi. Murɗiya ce! Abin da muka karanta a shekarar ƙarshe, muka haddace don jarrabawa, muka ɗauka a littafi kawai yake zaune. Ga shi ya biyo ni har gindin mangwaro.

Bari in ɗan yi muku bayani, ku yi haƙuri, injiniya ba ya iya wuce irin wannan wuri. In ka zauna a tsakiyar benci, lafiya lau. In ka matsa can bakin leɓensa na gaba ka saki nauyinka, sai ya nemi kifewa da kai. To shi ƙarfen bene an ɗaure bakunansa biyu, ba shi da damar kifewa, sai tsakiyarsa ta juya bakunan suna tsaye, kamar yadda ake matse zane bayan wanki. Shi kuma ƙarfe mai siffar I jarumi ne in nauyi ya sauko masa daidai tsakiyar ka. In aka rataya masa kaya a gefe, rago ne na ƙarshe. Randuna marasa ruwa zai ɗauka yana dariya, na riga na lissafa wannan. Da ruwa kuwa zai murɗe, kanta ta sunkuya, bangon da ke kansa ya tsage, abin da zai biyo baya ba na son in faɗa, don a ƙarƙashin wurin mutane za su riƙa tsayawa.

Da yamma muka taru a ƙarƙashin ƙarfen, ni da ƙawata da Yaya da Mama. Na faɗa musu komai ban rage ba. Yaya mutum ne mai son a yanke magana nan take.

"A sayo wanda ya fi shi girma mana."

Na ce mai girman ma in dai siffarsu ɗaya, kayan da ke tsakiyar kansa zai ƙara ɗauka, amma wajen murɗiya abin da zai ƙaru bai taka kara ya karya ba.

"To a kafa ginshiƙai a gaba su tokare kantar."

Na ce in aka kafa, mota ba za ta shiga ba. In ma ta matsa ta shiga, ranar da wani direba ya yi ribas ya daki ginshiƙi ɗaya, da kanta da randuna duk a kansa za su sauko.

Ya yi tsaki. "Shi ke nan, a ɗora su ba ruwa. Daga titi wa zai sani?"

Mama ta ce, "Ni zan sani."

Ta dubi ƙarfen, ta dube ni, sannan ta dafa gwiwa ta miƙe. "A bar kanta. A yi shago kawai. Duk shekarun nan ƙasa bai kashe ni ba. Kar a wahalar da yarinya."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Mama, ban ce ba zai yiwu ba! Cewa na yi ƙarfen a yadda yake ba zai iya ba!" Ba ta juyo ba, ta tafi gindin mangwaronta ta fara rufe tukwane. Ƙawata ta dube ni idonta ya ciko, ta ce a hankali, "Kin san tun yaushe take maganar kantar nan? Duk matan cocinsu ta gaya musu."

Na koma Abuja kaina na hayaƙi. Na zazzago littattafan da na rantse ba zan sake buɗewa ba. A ofis aka ba ni matakala in zana, na tura ta gefe. Ina cin abinci ina lissafi, ina cikin tasi ina lissafi, har mahaifiyata ta fara tambaya ko wani ne ya yi mini alkawari ya saɓa. Amsar kuwa ashe tana nan kusa. Abin da ya sa ƙarfen ke murɗewa shi ne gefunansa a buɗe suke. In aka rufe su ya koma kamar dogon akwati, ƙarfinsa wajen murɗiya zai ninku ninkin-ba-ninkin, ba sai an sayo sabo ba. Da lissafin ya fito, ihu na yi a tsakiyar ofis, har mai shayi ya leƙo.

Na kai wa oga. Ya daɗe yana bi da bakin biro. Da ya gama ya ce, "Ya yi. Amma murɗiyar da kika hana a tsakiya ba ɓacewa ta yi ba. Bakunan ƙarfen za ta bi ta je ta sauke wa ginshiƙai. Sun shirya karɓar baƙuwa?" Na koma na sake zama. Na ƙara wa ginshiƙan biyu kauri, na canza yadda bakin ƙarfen zai kama su, na kuma tsara yadda za a ɗaure ƙarfen da kankaren benen, tunda ba a riga an zuba shi ba. Sannan ya sa hannu, har da ɗan murmushi, abin da ba a cika gani a fuskarsa ba.

Saura shawo kan mutanen Yangoji. Na san in na buɗe musu takardar lissafi, Yaya hamma zai yi. Sai na tsaya a shagon kayan famfo na sayi bututun roba, na sa aka yanka mini guntaye biyu daidai wa daida. Ɗaya na bar shi yadda yake, ɗayan na sa aka tsaga shi da zarto daga baki zuwa baki. Na isa ina rawar jiki, ban ko gama gaisuwa ba na miƙa wa Yaya lafiyayyen.

"Yaya, murɗa wannan."

Yaya ƙato ne. Ya kama da hannu biyu, ya cije, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Bututu ko gezau.

Na miƙa wa Mama tsagaggen. "Mama, ke kuma wannan."

Ta karɓa tana kallona da shakka, ta ɗan juya hannu. Bututu ya murɗe laƙwas. Ta sake juyawa, ya sake murɗewa. Ta dubi ɗanta da ke haki, ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

Na ce, "Roba ɗaya, kauri ɗaya. Wancan a rufe yake, wannan a buɗe. Ƙarfenmu irin na hannunki ne, Mama. Ni kuma zan mai da shi irin na hannun Yaya."

Ta goge hawayen dariya ta ce, "To rufe shi mana! Me kike jira?"

Aka sauko da ƙarfen. Mai waldar wani Bakatsine ne da ya daɗe yana aiki a yankin, hannunsa mai kyau, bakinsa kuma ba ya hutawa. Muka kawo fallayen ƙarfe masu kauri, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, daga leɓen sama zuwa na ƙasa. Na ce kada ya ja walda a miƙe daga farko zuwa ƙarshe, zafi zai lanƙwasa ƙarfen. Ya ɗan yi nan, ya tsallaka ɗaya gefen, ya dawo, a bar shi ya huce. Ya ce ya sani. Na ce na san ya sani, amma ina nan. Na saka baƙin gilashi na tsuguna a gefensa, duk inda ya ɗaga hannu na leƙa.

"Hajiya Injiniya," in ji shi, "ko telan amarya ba a tsare shi haka."

Na ce, "Amarya in ɗinki ya ɓalle allura za a nema. Ci gaba, malam."

Aka mai da ƙarfen sama, aka ɗaure bakunansa da manyan notuna, aka zuba kankaren bene, muka jira ya yi ƙwari, sannan aka ɗora bangon sama, aka maƙala kanta. Ni dai lissafina na yarda da shi, amma na ce ba randar Mama ko ɗaya da za ta hau sai na gwada kantar da abin da in ya faɗo ba wanda zai yi kuka. Sai na tuna da masu ruwa, 'yan arewa da ke tura kura cike da jarkoki a garin. Jarka cike da ruwa kowa ya san nauyinta. Na sa aka yi magana da su, suka ce ranar Asabar da safe za su zo.

Jama'a, ban san labari ya zaga ba. Na iso na tarar da wurin kamar ana biki. Ga kurayen ruwa sun yi layi, ga matan cocin Mama da ankonsu, ga masu sayar da doya sun bar doyarsu, har masu babur sun kashe inji sun tsaya. Na ja igiya na kewaye gaban shagon, na ce ko kaza kada ta shiga ƙarƙashin kanta. Na manna ma'auni a bakin kantar, na kafa na'urar awo mai ƙafa uku da na aro a ofis can gefe, inda zan riƙa hangen ko kantar ta sunkuya. Masu ruwa suka hau bene ta matakala, wadda ni na zana ta kuma ta yi kyau, suna miƙa jarkoki ta taga suna jerawa.

Layin farko ya cika. Na leƙa na'ura, motsin bai kai a faɗa ba. Na ɗaga hannu na ce a ƙara. Aka ɗora layi na biyu a kan na farko. Na leƙa, daidai da abin da lissafi ya ce. Nan fa kaina ya fara girma. Na juya wajen taron ina bayani da ƙarfi, ina nuna ƙarfe da ɗan yatsa, ina cewa ko giwa aka ɗora ba abin da zai faru. Mun kai nauyin randuna da ruwansu, na ce a ci gaba, sai mun wuce shi da rara mai yawa.

Sai kawai muka ji ƙas! Ƙara mai ƙarfi, daga wajen kanta.

Wurin ya watse. Mata suna kiran Yesu, masu ruwa suna salati suna rige-rigen matakala. Ni kuwa, injiniyar da ta gama maganar giwa, ban san lokacin da na tsallake kwata ba. Sai ganina na yi a bayan wata motar doya, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan oho. Da na leƙo, kanta tana nan, jarkoki suna nan, ko ɗigon ruwa bai zuba ba. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba. Mama tana zaune a kan kujerarta a bakin igiya, ta harɗe hannu.

"Yarinya na," ta ɗaga murya, "ke da kika ce giwa?"

Taron ya kwashe da dariya, ni ma na bi su, kunya kamar in nutse. Na dawo ina ɗingishi na leƙa na'ura. Awo bai canza ba. Muka duba muka gano wani guntun katako ne da kafinta ya manta a maƙale tsakanin kantar da katakan da magina ke takawa. Da kantar ta ɗan zauna, ɗan zaman da dama an san za ta yi, sai ta matse shi ya karye. Na bi walda kaf da fitilar waya, na duba notuna, na duba ginshiƙai. Ko tsagar gashi babu.

Na ce a ƙarasa lodin. Masu ruwa suka ce sai dai in hau benen tare da su. Na hau, da takalmi ɗaya. Aka ɗora sauran jarkokin, muka bar su a kai har rana ta take, sannan aka sauke. Na sauko na leƙa na'ura a karo na ƙarshe. Kanta ta koma daidai inda ta tashi.

Ban san irin ihun da na yi ba. Ƙawata ta ce har na rungume na'urar ofis. Matan coci suka ɓarke da guɗa da waƙa, mai walda yana ta faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa hannunsa ne, Yaya kuma yana cewa shi dama tun farko ya san za a yi. Ba wanda ya ce a fara, sai ga mata sun nufi gindin mangwaro. Suka juye ruwan randunan, suka ɗauko su ɗaya bayan ɗaya suka hau da su bene, aka jera su a kanta. Ruwan jarkokin da muka yi gwaji da shi, shi aka ɗura musu har wuya.

Tun daga ranar na zana gine-gine da yawa, wasu sun ninka shagon Mama girma nesa ba kusa ba. Amma har yau, duk wanda ya kawo mini aiki, ba na tsayawa a kan me za a ɗora. Sai na tambayi ta wane gefe za a ɗora shi, da yadda masu wurin suka saba amfani da shi, in da hali in je in zauna da su in gani da idona. Abin da mutane suka fi sabawa da shi, shi ne ba za su taɓa tunanin gaya maka ba. Matasan ofishinmu suna cewa na cika tambaya. Nakan ce musu su je su auna, su dawo mu yi magana.

Sai dai abin da ya fi zauna mini a rai ba gwajin ba ne. Bayan la'asar, mutane sun ragu, randunan sun fara zufa sun yi duhu, Mama ta kama hannuna ta ce in tsallakar da ita titi. Muka jira manyan motoci suka wuce, muka haye a hankali. Ta juya ta fuskanci shagon, ta sa tafin hannu ta kare rana. Ta daɗe a tsaye tana kallo, har na fara tsoron ko wani abu ne bai yi mata ba.

Na ce, "Mama, lafiya? Ko a gyara jerin?"

Ta girgiza kai, hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share ba.

"Ashe haka suke da kyau," ta ce. "Tun ina yarinya a sunkuye nake a kansu. In gina a sunkuye, in gasa a sunkuye, in sayar a sunkuye. Yau ne na fara ɗaga kai na kalli aikin hannuna."

Muka ci gaba da tsayuwa a bakin titin, hannunta cikin nawa, har sai da ta gaji don kanta.